Tambaya da Amsa: Sauya Suna a Lokacin Karɓar Takardar Zama Ɗan Ƙasar Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Amurka da katin zama na dindindin, kuma na cika shekara biyar ɗin da ake buƙata kafin a nemi zama ɗan ƙasa. Damuwata ita ce sunan da ke jikin katin nawa, domin tun a fasfona na farko aka sa sunan kakana a gurbin na mahaifina, kuma haka ya bi ni cikin dukan takarduna. An ce mini zan iya gyarawa a lokacin rantsuwa. Shin gaskiya ne, kuma gyaran zai shafi 'ya'yana? Daga wata mai karatu a Amurka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiya aka faɗa miki, kuma a ganina babu lokacin da ya fi wannan dacewa da gyaran, domin ba za ki shigar da ƙara ta daban a kotun jiha ba, ba kuma za ki biya wani kuɗi bayan na neman zama ɗan ƙasa ba. A cikin fom ɗin N-400, wato fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, akwai wurin da ake tambayar mai nema ko yana son sauya sunansa bisa doka, sai ya amsa da e, ya rubuta cikakken sunan da yake so. Idan kin riga kin aika da fom ɗin ba ki cike wurin ba, kina iya gaya wa jami'in da zai yi miki tambayoyi a ranar ganawa, ya shigar da buƙatar kafin ki sa hannu.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, hukumar shige da fice ta USCIS ba ta da ikon sauya wa kowa suna. Sashe na 336 na dokar shige da fice ta Amurka ya damƙa wannan iko a hannun kotu ne, saboda haka sai an yi rantsuwarki a gaban alƙali sannan sabon sunan zai tabbata. Rantsuwa kuwa iri biyu ce, akwai wadda hukumar ke gudanarwa da kanta, wani lokaci ma a ranar da aka yi ganawa, akwai kuma wadda ake yi a kotu. Wanda ya nemi sauya suna sai ya jira ta kotu, kuma jiran ya danganta da yadda kotun yankinsa ke tsara zamanta. A wasu yankunan ma ba a cika shirya rantsuwar kotu ba, sai a ce wa mutum ya karɓi takardarsa da tsohon suna, ya je kotun jiha daga baya. Don haka ki tambayi jami'in ƙarara yadda abin yake a yankinku, musamman idan kina da tafiya ko wani uzuri da ba zai jure jinkiri ba.

A ranar rantsuwa za a miƙa miki takardar shaidar zama 'yar ƙasa da sabon sunan a jiki, tare da wata takarda mai ɗauke da amincewar kotu. Ina roƙonki kada ki raina wannan ta biyun, ko da yake ƙarama ce kuma ba ta da ado, domin ita ce ke nuna cewa mai tsohon suna da mai sabon suna mutum ɗaya ne. Kafin ki bar zauren, ki tsaya ki karanta sunan harafi bayan harafi, ki duba ranar haihuwa, idan kin ga kuskure ki nuna wa jami'ai nan take. Bayan an watse, gyara sai da cike fom ɗin N-565 da kuma wani sabon jira.

Wajibi ne kuma ki bayyana a cikin fom ɗin N-400 duk sunayen da kika taɓa amfani da su, har da wanda ke jikin takardun makaranta idan ya bambanta, domin da su ake binciken tarihin mutum, kuma ɓoye ko da guda ɗaya yana iya jawo zargin yaudara a kan abin da ba laifi ba ne tun asali. Wadda ta ɗauki sunan mijinta ta hanyar aure ba ta buƙatar alƙali, takardar auren ta wadatar, amma naki gyaran ba ya cikin wannan rukuni.

Game da 'ya'yanki, umarnin kotun ke kaɗai ya shafa. Yaron da bai kai shekara 18 ba, wanda yake da katin zama na dindindin kuma yake zaune a hannunki, yana zama ɗan ƙasa da zarar kin yi rantsuwa, bisa dokar da aka zartar a 2000, amma sunansa yana nan yadda yake sai an bi ta kotun jiha. Tun da sunan da za ki sauya na gidanku ne, mai yiwuwa bai taɓa nasu ba, sai dai ki tuna cewa tsohon sunanki ne ke jikin takardun haihuwarsu, kuma za ki buƙaci takardar kotun a ranar da za ki nema musu fasfo.

Bayan rantsuwar, wajen sauya sunan a sauran takardunki, sai ki fara da hukumar SSA, wadda ke riƙe da lambar da ake aiki da biyan haraji da ita, sannan lasisin tuƙi, da banki, da wurin aiki. Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne fasfo na ƙasar haihuwa, domin umarnin alƙalin Amurka ba ya sauya sunan da ke jikinsa, sai kin bi ƙa'idar waccan ƙasar daban. Kafin a kammala wannan, duk tikitin jirgin da za ki saya ki tabbatar sunan da ke jikinsa ya yi daidai da na fasfon da za ki nuna, kuma ki riƙa tafiya da kwafin takardar kotun a jakarki.