Yaya, ba dambe ba ne, kuma ba albashi a ciki

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya su Hajiya da yara. Na ga saƙonka tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ka ga hoton ɗanka da hular kwano da kafaɗu kamar zai tafi yaƙi, kana tambaya wai wace irin ƙwallo ce wannan, nawa ake biyansa, kuma ya aka yi muka bar shi. Toh bari in ɗauke su yadda suka zo min.

Ƙwallon Amurka ake ce mata, amma a nan Ingila suke buga abarsu. Da hannu ake ɗauka a ruga, mutum 11 kowane ɓangare, ana ba ku dama 4 ku ci yadi 10, in kun ci a sake ba ku wasu 4, in kun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki 6, in an buga da ƙafa ta wuce tsakanin ƙarafan nan maki 3 ne. Sauran dokokin wallahi ni ma rafari nake kallo, in ya jefa ƙyallen nan ruwan ɗorawa na san wani ya yi laifi.

Maganar kuɗi kuwa, nan ne na san za ka yi dariya. Ba a biyansu ko sisi, su ne ma ke biya. Kuɗin rajista, kuɗin ƙungiya, hular da sulken kafaɗa sau da yawa kai za ka saya, ranar da za a je wasa wani gari a haɗa kuɗin mota. Duk manya ne daga shekara 18, akwai direban bas akwai nas akwai ɗalibi akwai mai gadi, a tashi aiki a je tirenin da daddare cikin sanyi, a ƙarshen mako a buga, Litinin kowa ya ja ƙafa ya tafi neman abincinsa. Hukumar da ke riƙe da abin BAFA sunanta, ta raba manyan ƙungiyoyi biyu, na arewa da na kudu, a ƙasansu kuma akwai ƙananan rukuni da ake hawa ana sauka, ɗanka a ƙasan yake tukuna. Ana farawa wajen Afrilu, zuwa ƙarshen zafi sai fainal, shi ake kira Britbowl. London Warriors sun ɗauka daga 2013 har 2016 a jere, Tamworth Phoenix suka karɓe a 2017, Warriors suka dawo 2018 da 2019, sai Manchester Titans suka zo suka kwashe 2022 da 2023, ’yan Landan har yau ba sa son a tuna musu. Kar ka ɗauka Wembley, babban filin wasan nan na Landan, ake cikawa fa, wancan na NFL ne, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, da suke kawo wasa tun 2007. Britbowl ɗan madaidaicin fili ne, yawancin ’yan kallo iyaye ne da mata da abokan aiki, wanda ya sayar maka da tikiti ma ƙila ƙaninsa ke cikin fili.

Za ka ce to meye ribar. Akwai wanda ya fita ta nan, Efe Obada, a Najeriya aka haife shi, ya ɗan buga wa Warriors a 2014 daga nan Dallas Cowboys ta NFL suka ɗauke shi, a 2018 ya shiga fili da rigar Carolina Panthers, ita ma ta NFL. Yaranmu duk sun haddace labarinsa. Amma ni ba don shi na yarda ba, irinsa ɗaya ne a cikin dubu kuma na gaya wa ɗanka haka ido da ido.

Abin da ya sa muka bar su, Yaya, sai ka zauna nan za ka gane sosai. A Kano yaro in ya fita, maƙwabci na ganinsa, mai shago ya san ubansa, liman ya san shi. Nan ba wanda zai tsawatar maka da ɗa, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu, saurayi kuma jininsa na tafasa, in bai samu inda zai zubar da ƙarfin ba titi zai ba shi, kuma titin Landan da wuƙa yake zuwa. Koci in ka makara zai sa ka zagaye fili gaban kowa, in ka ɓata kwana biyu wani zai kira wayarka. Mu ’yan Arewa da ke nan ba mu da yawa kamar Yarbawa, don haka duk inda aka samu masu sa ido a kan yaro ba ma rainawa.

Addini kuma ba a taɓa hana shi ba. Dardumarsa na cikin jakar kaya, azahar ko la’asar in ta kama a gefen fili yake yi, har akwai ɗan Somaliya da suke jam’i tare. Da azumi ya faɗo lokacin tirenin koci da kansa ya ce ya rage gudu. Abin da muka gindaya masa ɗaya ne, in an tashi wasa abokai suka nufi mashaya, shi gida. Uwarsa kan dafa shinkafa da kaza ta cika kula, yanzu Turawan ƙungiyar in ba su ga kular ba sai sun tambaya.

Rauni kam akwai, ba zan ɓoye maka ba, gwiwa da kafaɗa da buguwar kai, shi ya sa ba a fara wasa sai da ma’aikatan lafiya a bakin fili, wanda kansa ya bugu kuma ana fitar da shi ko yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Uwar har yanzu in aka yi karo rufe ido take tana salati. Kar dai ka nuna wa Hajiya bidiyon, hoton ma ya isa.