Tambaya da Amsa: Sun hana ni foldar yarona, ya zan yi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki. Dan Allah shawara nake nema. Yarona ɗan shekara goma yana da sikila, tun yana ƙarami muke zuwa kilinik wajen likitan jini, kuma akwai likitan ƙashi da yake gani saboda ƙugunsa. Yanzu an yi wa babansa canjin wajen aiki zamu koma gari mai nisa, na je ofishin rekod nace su bani foldarsa in tafi da ita sai matar wajen tace ba a bayarwa, ko buɗewa ma bata bari na yi ba wai kayan asibiti ne. Anti ɗana ne fa, ni nake kwana dashi duk sanda aka kwantar dashi, ta ya za a ce bani da ikon ganin abinda aka rubuta a kansa? Tsorona mu je can a fara komai daga farko, a dinga tambayata abinda ban riƙe ba.

Daga wata uwa

Amsa:

Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah Ya ba yaro lafiya, Ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Toh matar nan ba ƙarya ta yi ba, amma bata ƙarasa miki zancen ba. Ita foldar kanta asibiti ke ajiyewa, dole ne ma su adana ta, dan ko bayan shekaru wani abu ya taso nan za a duba. Amma bayanin dake ciki na mara lafiya ne, tunda kuma yaro ne ku iyaye kune kuke tsaya masa. Kinga kenan abinda zaki nema kwafi ne ba ita foldar ba, kuma ƙasashe da yawa doka ta ba da wannan haƙƙin. A Amurka akwai dokar HIPAA ta 1996, idan mutum ya nemi rekod ɗinsa asibiti na da kwana 30 ya bashi, a Tarayyar Turai kuma dokar GDPR da ta fara aiki a 2018 wata ɗaya ta yanke, kwafin farko ma kyauta. Wani wajen za a ce ki biya kuɗin fotokwafi ko na rubuta rahoto, wannan ba laifi bane, ki dai karɓi rasit.

Kar ki sake zuwa da baki kawai. Ki rubuta takarda ko da layi biyar ce, sunan yaro cikakke, ranar haihuwa, lambar katinsa, abinda kike so da dalilin, ki sa hannu da kwanan wata, ki haɗa da katin shaidarki da takardar haihuwarsa, ki ajiye kwafi ɗaya a wajenki. Maganar baki tana bin iska, amma takarda dole wani ya amsa ta. Kuma tun yanzu zaki fara, ba ana gobe tafiya ba.

Amma ni a ganina, kafin ma rekod, wajen shi babban likitan zaki fara zuwa. Ranar kilinik ki ce masa likita zamu tashi, ina so a rubuta mana rahoton lafiyarsa da takardar turawa zuwa likitan jini na can. Wallahi shafi biyu da likitan da ya san yaro ya rubuta sun fi miki tulin fotokwafi shafi ɗari uku, dan sabon likita ga layi a bakin ƙofa ba zai zauna karanta rubutun hannun mutum ashirin ba. Shi ma likitan ƙashi ki nemi nasa daban, kar ki ɗauka komai na waje ɗaya, sau da yawa kowane sashe da inda yake ajiye nasa.

Yanzu ga abinda nafi so ki riƙe, tarihin ƙarin jini. Sau nawa aka ƙara masa, yaushe, a ina, ya taɓa samun matsala bayan ƙarin ko a'a. Dalili kuwa, mai sikila da ake yawan ƙara wa jini jikinsa yakan ƙera wasu garkuwa masu yaƙar wani nau'in jinin da ba nasa ba, to abin damuwar shine bayan wani lokaci garkuwar nan sukan yi ƙasa har gwaji ya kasa ganinsu, a sabon asibiti a gwada a ga kaman komai lafiya, a ƙara masa irin wancan jinin, bayan kwanaki jikin ya tuna ya fara farfasa jinin da aka sa masa, yaro ya zo da zazzaɓi da ciwon jiki da fitsari mai duhu har a zata ciwon sikilar ne ya tashi. Babu abinda ke kare wannan kamar tsohon rekod. Saboda haka ki tambaya musamman ko an taɓa samun irin wannan garkuwar a jininsa, wani lokacin bayanin ma a ɗakin ajiyar jini yake ba a folda ba, idan akwai a rubuta miki sunanta ƙarara.

Sai kuma yawan jininsa na ranar da yake lafiya lau. Masu sikila da dama a gwajin yawan jini da ake kira Hb, jininsu tsakanin 6 da 9 yake zama ko ba ciwo, kowane yaro da nasa. Yaron da ya saba zama a 7 in aka ga 6.8 ba abin tashin hankali bane, amma wanda ya saba da 9 in aka ga 6.5 to wani abu na faruwa, likitan da bai san inda ya saba zama ba ta ina zai gane? Haka girman saifarsa, da sakamakon gwajin da ya tabbatar da irin sikilar, SS ce ko SC, da na ƙoda da hanta. In ana yi masa sikanin jijiyoyin jini na kai, wanda ake so a dinga yi wa yara masu SS duk shekara daga shekara 2 zuwa 16 dan gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki, shima ki karɓi duka sakamakon.

Batun hoton ƙugu kuma, rahoton da aka rubuta daban, hoton kansa daban, ki nemi duka biyun, ko a fim ko a faifan CD. Likitan ƙashi yafi so ya gani da idonsa ya kwatanta na bara da na bana, kuma yana rage maimaita hoto ba dalili.

Magunguna ki sa a rubuta ainihin sunan maganin ba sunan kamfani ba, da adadin da yake sha da nauyinsa a lokacin, dan irin su hydroxyurea da nauyin yaro ake lissafawa. Da duk maganin da ya taɓa yi masa illa. Katin rigakafi ma kar a manta.

In sun zo hannunki ki samu fayil ɗaya ki jera su, sabo a sama, ki ɗauki hoton kowanne a waya ki tura wa babansa shima ya ajiye. Duk likitan da ya nema kwafi zaki bashi, na asali ya zauna wajenki, takarda in ta shiga foldar asibiti fito da ita aiki ne. Daga yau kuma duk gwajin da aka yi ki karɓi sakamakon a lokacin, duk sallama ki nemi takardar sallama kafin ku bar gado. Sannan in kina karantawa kika ci karo da wata kalma mai ban tsoro kar ki kwana kina bincike a intanet, likitoci kan rubuta abinda suke zargi tun kafin gwaji ya kore shi, ki ja layi a wajen ki tambaya. In kuma kuskure kika gani, misali an rubuta maganin da ya daina sha tuntuni, ki nuna a gyara. Idan sun ci gaba da ja miki rai, ki kai takardarki ofishin shugaban asibitin ko wajen karɓar koke.

Tambaya:

Salam Anti. 'Yata tana da farfaɗiya, shekararta 17, kwanan nan likitanta ya fara cewa in ɗan jira a waje zai ganta ita kaɗai na minti kaɗan, abin ya ɗan sosa min rai. Shin nan gaba ma hana ni rekod ɗinta zasu yi?

Daga wani uba

Amsa:

Malam kar ka sa komai a ranka, haka ake yi wa matasa masu ciwo mai daɗewa, ana koya musu riƙe lafiyarsu ne kafin a mayar dasu kilinik ɗin manya, kuma akwai tambayoyin da budurwa bazata iya amsawa gaban mahaifinta ba. Eh, a yawancin ƙasashe da zarar ta cika 18 rekod ya zama nata, sai da izininta za a baka. Abin yi mai sauƙi ne, ku zauna da ita da mahaifiyarta, in ta yarda ta sa hannu a takardar izini a saka a foldarta cewa ana iya yi muku bayani. Kafin nan ku nemi rahoton likita da sakamakon gwajin ƙwaƙwalwa na EEG da hoton MRI in an yi, da jerin duk magungunan da aka gwada mata da dalilin canza kowanne, dan kar sabon likita ya maido ta kan wanda bai karɓe ta ba. Ka bar fayil ɗin a hannunta ta fara sabawa, kai ka riƙe kwafi.