Amsa ga faston da yunwa ta shigar wa gida da ikilisiya

Ɗan'uwa cikin Ubangiji, sannu da haƙuri. Ka ce wata uku ba a biya ka albashi ba, baiko ya ragu, membobi suna sallama a ƙofarka tun asuba da kwano a hannu, ga yaranka ba su ƙoshi ba, kana tambaya ko ka ba su ko ka hana. Duk wanda ya riƙe ikilisiya a kewayen Jos tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya san wannan ciwo. Ni ma na san shi.

Ka fitar da rabon abinci daga gidanka yau ɗin nan. Manzanni ma sun sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon gwauraye, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 6. Ka sa dattawa biyu da mata uku daga Zumuntar Mata, don su suka san gidan da aka kwana biyu ba a hura wuta ba. A sa littafi, a sa kwaɗo biyu a ɗakin ajiya, kada makulli ko ɗaya ya kwana a aljihunka. Buhun masara mai kilo 100 tiya 40 ne, gida mai mutum shida kuma yana cin kusan tiya ɗaya a rana. Ka ga buhu ɗaya abincin kwana biyu ne kawai ga gida 20. Ba za ka iya ciyar da kowa ba. A fara da gwauraye, masu shayarwa, da waɗanda rikici ya koro daga gonakinsu a Mangu da Bokkos.

Abin da ya fi yunwar zafi shi ne bakin mutane. Idan daga gidan fasto ake auna hatsi, wanda ya sami mudu ɗaya zai ce an ba wani uku. Kafin Lahadi labari ya zaga cewa matar fasto tana sayar da masarar ikilisiya, matar da ta kwana da ruwan zafi don yara su ci. Dattijon da ya riƙe albashinka shi ne zai miƙe a taro ya ce bawan Allah ya rayu da bangaskiya, alhali rumbunsa cike yake, kuɗin godiyar kaka kuma an zuba su a ginin majami'a. Kai kuma sai ka hau bagadi ka sa masa albarka. Wannan yana karya zuciya ƙwarai. Kada ka yi masa habaici a wa'azi. Ka rubuta wa majalisar da ke sama da kai, LCC ko DCC, yawan watannin da kake bi, ka roƙi a biya rabi da hatsi. Kuma ka karanta 1 Timoti 5:8, ciyar da iyalinka ba son kai ba ne.

Ka riƙa duba ƙananan yara. A danna bayan ƙafa da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan rami ya zauna a ƙafa biyun, tamowa ce mai tsanani, addu'a da asibiti tare, asibitin Jankwano ko asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), ba jira. Waɗanda suka rame kawai, mata su soya hatsi mudu 6, waken soya 3, gyaɗa 1, a niƙa a dama kunu mai kauri. Waken soya sai an jiƙa an cire ɓawo an soya sosai, in ba haka ba yana ɓata ciki.

Da kaka, wajen Nuwamba, lokacin masara tana araha a kasuwar Mangu, ku sayi wadda za a raba a Yuli da Agusta. Ta bushe sarai: a zuba kaɗan da busasshen gishiri a kwalba a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar da saura. A zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako. Kada a sa ƙwayar maganin ƙwari a ɗakin da mutane suke kwana, tana kisa.

Kuma don Allah ka riƙa leƙa kwanon Mama, matarka. Za ta ce maka ta ci a madafa. Ka sa ta zauna ku ci tare.