Wacce Bindiga Zan Saya Don Harbin Nesa? Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya ta farko daga wani ɗan'uwa ce, yace shekara uku yana farauta da bindigar aro, yanzu lasisinsa ya fito yana so ya sayi tasa wadda zata kayar da manyan namun daji kamar gwanki daga mita 500 ko fiye, abokansa sunce in ba mai cin harsashin nan mai ƙarfi da ake kira .300 Winchester Magnum ba to kar ma ya ɓata kuɗinsa. Wai ya saya?

Ɗan'uwa, abokanka basu yi ƙarya ba, .300 Win Mag tun 1963 take aiki kuma har yau tana kayar da nama, amma ni bazan ce ka fara da ita ba. Matsalarta shuri. Dukan da take yiwa kafaɗa ya kai kusan ninki biyu na mai cin ƙaramin harsashi irin 6.5 Creedmoor, kuma jikin mutum baya mantuwa, in ta bugeka sau goma sai ka fara runtse ido kana fizgar kunama tun kafin ta tashi, kai kanka bazaka san kana yi ba. In kana so ka gane, ka bawa abokinka bindigar a filin gwaji ya riƙa ɗura maka, wani lokaci yasa harsashi wani lokaci ya barta ba komai bai gaya maka ba. Ranar da ka ja kunama kaji ƙas kawai, ka duba bakin bindigar, in ya dulmiya ƙasa to tsoronta ya riga ya shigeka, kuma wannan ɗan motsin da ido da ƙyar yake gani, a mita 500 shi zai ɗauke harsashi daga huhu ya kaishi tumbi. Wallahi babu abinda yake damuna a harkar nan kamar bin jinin dabbar da aka harba a ciki, tana ja tana wahala har dare yayi a rasa ta.

Shawarata ka duba .308 Winchester ko .30-06, ɗaya tun 1952 ɗaya tun 1906, harsashinsu baya wuyar samu, bututun baya saurin cinyewa kamar na magnum, kuma zaka iya harba hamsin a yini ɗaya kafaɗarka lafiya. In namanka bai wuce barewa ba, 6.5 Creedmoor ta isheka. In dai lallai sai magnum to 7mm Remington Magnum tafi sauƙin shuri.

Sai maganar mita 500 ɗin, nan nake so ka nutsu. Harsashin .308 da aka saita a mita 100, kafin ya kai 500 ya faɗi fiye da mita ɗaya da rabi, iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa kuma zata tureshi fiye da rabin mita, ita faɗuwar ana lissafinta da na'urar auna nisa amma iska sai wanda ya daɗe yana karantata a ciyawa da ƙura. Ga kuma gudu, yawancin harsasan farauta suna buƙatar kamar mita 550 a sakan lokacin da suka taɓa nama kafin bakinsu ya buɗe, ƙasa da haka sai su ratsa kamar allura. Yanka takarda mai faɗin santimita 20, kusan girman wajen zuciya da huhun barewa kenan, ka harbeta a kwance ko a durƙushe yadda zaka yi a daji, banda kan tebur. Nisan da kake samunta tara cikin goma, nan ne iyakarka, ko da 200 ne.

Bindigar kanta ka nemi mai sakata irin Tikka T3x ko Remington 700, kuma kar ka zuba duk kuɗin a kanta ka ɗora mata madubin saiti na banza, raba kuɗin, ka ware na harsashin gwaji.

Wani kuma ya tambaya ko 6.5 Creedmoor zata yi masa ɓauna tunda ance tana da saiti sosai.

A'a Malam, kar ka soma. Ɓauna ba namar nesa bace, matsawa ake yi kusa, kuma in ta ji rauni juyowa take. Ƙasashe da dama da ake farautarta doka ta yanke ƙaramin abinda za'a harbeta dashi, galibi harsashi mai kaurin inci .375 ne ko kusa da haka. Nemi .375 H&H, tun 1912 ake wannan aikin da ita, sannan ka duba dokar ƙasar da zaka je kafin ka biya ko sisi.