Yadi ko fata wa kushin mai kwana a Kumasi?

Hajiya, kin ce falonki a Aboabo yake, fanka ce kawai babu na'urar sanyaya ɗaki, ga yara uku, kina tambaya yadi za a sa wa kushin mai kwana (wato mai lanƙwasa kamar harafin L) ko fata. Yadi ya fi miki.

Yawancin abin da ake nuna miki a kasuwa da sunan fata roba ce aka shafa a kan ƙyalle. Juya bayanta ki gani: in saƙa ce, roba ce; fata ta gaske bayanta gashi-gashi ne. Danshin damina da gumi su ke kashe robar, bayan 'yan shekaru sai ta fara ɓarewa daga wurin jingina kai da hannuwa, kuma ba ta gyaruwa sai an sake rufi. Fata ta gaske tana daɗewa, amma ga tsada, ga manne wa jiki lokacin zafi, kuma tana son man fata duk wata shida, musamman kafin hunturu, in ba haka ba ta tsattsage.

Ki sa mai ɗinki ya auna kushin ya faɗa miki yawan yadin da zai ci. Ki saya duka daga dami ɗaya, don launi yakan bambanta. Mai zane kuwa ki ƙara yadi biyu saboda haɗa zanen a kwana. Ki sa mai ɗinki ya yi wa matasan zif don wanki, soson zama ya zama mai tauri.

Kada ki manna kushin da bango. Bar tazarar tafin hannu, don a lungun nan fumfuna ke farawa.