Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Dabarar Call of Duty Ba Ta Ci a Doom?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saba buga Call of Duty a waya har ina ganin na ƙware. Da na sa tsohon Doom a kwamfuta sai kashe ni ake yi ba ƙaƙƙautawa. Tsofaffin wasannin harbi sun fi wuya ne, ko tsarinsu ne daban? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, hannunka lafiya lau yake, laɓe-laɓen da ka saba ne ka kai inda ba ya ci. Fara duba daga ina jini yake zuwa, wato ƙarfin ran ɗan wasanka.

A Doom na 1993, wanda kamfanin id Software ya yi, da jini 100 kake farawa, kuma abin da aka ɗebe maka ya tafi ke nan sai ka tsinci magani a ƙasa: ƙaramin kwali yana ƙara 10, babba 25. Ko ka kwana a bayan bango, ɗigo ba zai ƙaru ba. Call of Duty kuwa, tun na biyu da ya fito a 2005, in aka raunata ka allo ya yi ja, sai ka laɓe 'yan daƙiƙoƙi ka warke. Halo na 2001 ne ya share wannan hanya da garkuwarsa mai cika kanta, shi ne kuma ya saba wa mutane da riƙe bindiga biyu kacal, abin da ya dace da fad ɗin Xbox, wato abin sarrafa wasa na hannu, mai maɓallai kaɗan. A Doom duk makamin da ka samu yana jikinka, kana zaɓar sa da maɓallan lamba 1 zuwa 7.

Sai abokan gaba. A Call of Duty harsashin soja ba ka ganin zuwansa, shi ya sa bango ya zama gatanka. Dodannin Doom da yawa wuta suke jefowa, kana kallon ƙwallon tana tahowa, taku biyu gefe ta wuce. Saboda haka kada ka tsaya: danne Shift don gudu, ka riƙa zagaya su kana harbi. Amma fara da masu bindiga, musamman mai baƙaƙen kaya, domin nasu harbin ba a kauce masa da gudu. Kada ka nemi maɓallin ɗura harsashi ko na saiti ta kan bindiga, babu su. In dodo yana sama, daidaita shi a tsakiyar allo, wasan zai ɗaga harbin da kansa. Roka kuma ban da kurkusa, fashewarta har kai take ci. Wata dabara mai daɗi: shiga tsakanin dodanni iri biyu, da harbin ɗaya ya sami ɗaya sai su koma kan juna, kai ka adana harsashinka.

In ka ɓace danna Tab ka ga taswira. Ƙofa mai jan baki jan makulli take nema, haka shuɗiya da rawaya, kuma babu kibiyar da za ta nuna maka hanya. Bangon da zanensa ya saɓa da na kusa da shi, danna masa Space, sau da yawa ɗakin ɓoye ne.

A ganinmu jini mai dawowa ya fi sauƙaƙa wa mai tsara wasa fiye da mai bugawa: ya san da cikakken ƙarfi za ka iso kowane faɗa, sai ya jera maka lungu ɗaya miƙaƙƙe. In tsohon ya yi maka tsauri, gwada Doom na 2016 tukuna. A can in dodo ya galabaita ka ƙarasa shi da hannu, jini yake zubo maka, in kuma ka yanka shi da zarto mai inji harsasai yake zubowa.