Kujerun yara uku a bayan mota ɗaya: amsar Anti ga Maman Biyu

An rubuta saƙon muryar Anti ne saboda waɗanda suka ce suna wurin aiki, ba halin saurara.

Murya ta farko

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Maman Biyu, ya jiki, ya nauyi? Allah ya raba lafiya. Tun safe na ga tambayarki, hannuna ne bai huta ba sai yanzu. Kin ce 'yan biyunki sun shekara 2 da rabi, ga ciki wata bakwai, motarku Qashqai, Baban Biyu kuma ya dage sai an sayar da ita an sayi mai kujera bakwai. Kina tambaya ko kujeru uku za su shiga baya, ko dole a canza mota.

To ƙanwata, ki ce masa ya dakata tukuna. Kafin kowa ya taɓa asusunsa, ku nemo tef ɗin tela, irin na awon ɗinki, ku sauka wurin motar. Ku rufe ƙofofin baya duka biyu, ku auna daga ƙofa zuwa ƙofa ta ciki, daidai inda ake ɗora gwiwar hannu, don nan ne ya fi matsewa. Sai ku sake aunawa a ƙasa, kan mazaunin kansa. Kujerun yara marasa faɗi sukan kama santimita 43 zuwa 44, masu ƙiba kuma, irin masu juyawar nan da masu wurin ajiye kofi, suna kusantar 50. Guda uku masu 44 sun zama 132 ke nan. In awonku bai kai haka ba, to an gama magana. In ya kai ko ya ɗara, akwai fata, amma fata ne kawai, sai an gwada.

Abin da ya sa na ce sai an gwada, ni aka yi wa. Lokacin da na samu na ukuna, maigidan ya zauna da takarda da biro ya yi lissafi, ya ce sun shiga har da canjin santimita biyu. Muka yi oda. Ranar da kujerun suka iso muka fita cikin sanyin nan, minti arba'in muna kokawa, suka shiga kuwa. Ƙofa ta ƙi rufuwa. Da muka danna ta da ƙarfi sai ta ture kujerar gefe ta hau kan ta tsakiya. Ashe mazaunin bayan mota ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar tabarma, gefe-gefen nan suna da tudu da ke karkato kujera zuwa ciki, tsakiya kuma ɗan tsiriri ne mai doro. Lissafin takarda bai san da wannan ba.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke maƙalewa: ISOFIX. Ƙarafan nan biyu da ke ɓoye tsakanin mazauni da majingina, waɗanda kujera ke kamawa ta ce ƙas. Yawancin motoci irin taku a gefe biyu kawai suke da su, tsakiya babu. Tazarar ƙarafan santimita 28 ce a kowace mota, a kafe suke, ba sa matsawa. To in kika ɗaura 'yan biyu a kansu, kujerun sun zauna ke nan inda masu ƙera mota suka ga dama, galibi sun ɗan shigo ciki, abin da ya rage a tsakiya ko jakar hannu da ƙyar. Amma in da bel ɗin mota kika ɗaure kujerar, kina iya matsar da ita kusa da ƙofa, ki tsira da santimita biyu ko uku kowane ɓangare. Waɗannan 'yan santimitocin su ne gaba ɗaya rigimar.

Kada wata ta ce miki bel bai kai ISOFIX tsaro ba. In an ɗaure daidai, duka biyun sun ci jarrabawa. ISOFIX ya fi wuyar kuskure ne, shi ya sa ake yabonsa. Sharaɗin dai kujerar ta zama wadda aka yarda a ɗaure ta da bel, don akwai waɗanda ISOFIX kaɗai suke karɓa, littafinta zai gaya miki. Kuma don Allah kada a yi dabarar nan ta aron ƙarfe ɗaya daga dama ɗaya daga hagu a ɗaura ta tsakiya. Sai in littafin motar da na kujerar duka sun yarda, kuma da wuya su yarda.

Ku yi haƙuri, tukunya ce ke neman kamawa, ina zuwa.

Murya ta biyu

Yauwa, ina muka tsaya? Jeri. Kujerar yaro ba faɗinta ɗaya daga sama har ƙasa ba, wata ta kafaɗa take da faɗi, wata ta gindi. In kika jera uku duk suna kallon waje ɗaya, kafaɗa na karo da kafaɗa. In wata na kallon baya wata na kallon gaba, sai su shige juna kamar yadda ake jera takalma a akwati, kai da ƙafa. Saboda haka ku gwada jariri a tsakiya, ku gwada shi bayan direba, ku gwada shi ɗaya gefen. Kujerar jariri, mai hannun ɗauka ɗin nan, in aka ɗaure ta da bel ba tare da gindin da ake ɗora ta a kai ba, ta fi cin ƙaramin wuri. Sai dai ki tuna ke ce za ki riƙa miƙa ta ta saman kan ɗan biyu kullum, da bayan mai jego. Ki gwada ɗagawar da kanki, ko ki sa galan ɗin ruwa a ciki a madadin jariri.

A dokar nan Ingila, kujera mai tambarin ƙa'idar tsaro ta R129, wadda ake ce wa i-Size, dole yaro ya kalli baya har ya wuce wata 15. 'Yan biyunki sun wuce, doka ta ba ki damar juya su. Ni dai ra'ayina, in da hali a bar su suna kallon baya. A Suwidin sai yaro ya kai wajen shekara 4 suke juya shi, saboda kan ƙaramin yaro ya yi wa wuyansa nauyi, in aka yi karo yana kallon gaba wuyan ne ke ɗaukar dukan, in yana kallon baya kuwa majinginar kujerar ce ke tare kai da baya gaba ɗaya. Su Hajiya za su ce an naɗe wa yaro ƙafa. Yaran da ke zama a harɗe a ƙasa yini guda, ƙafar ba ta dame su ba.

Ga gwajin da nake so ki riƙe da kyau. Bayan kun cusa ukun, kujerun za su yi kamar sun kafu, alhali matse juna suka yi. Ki cire ta tsakiya, ki kama ta gefe daidai inda bel ya ratsa, ki jijjiga. Kada ta motsa fiye da santimita 2 da rabi. Haka za ki yi wa kowace, ita kaɗai, ba maƙwabciya. Su taɓa juna ba laifi, amma wata ta hau kan wata ko ta karkace, a'a. Sannan ki leƙa makullin bel ɗin, kada ya danne a ƙarƙashin kujera, kada kuma bakin ƙarfen ya lanƙwasa a jikin robar. Na taɓa buɗe na kujerar jaririya da hannuna ina ƙoƙarin ɗaure babbar, ban sani ba sai da muka isa gida. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Daga ranar, kafin na tada mota sai na ja kowane bel na ji.

In sun ƙi shiga fa? Akwai gaba. Doka ta yarda yaro ya zauna gaba a kujerarsa, amma mai kallon baya haramun ne a sa ta a inda jakar iskar nan, airbag, ke kunne, sai an kashe ta, don in ta fashe kan yaron za ta daka. Wasu motocin da makulli ake kashewa ta gefe. In mai kallon gaba ne, a tura kujerar motar baya iyakarta. Illar ita ce ke za ki koma tsakanin 'yan biyu a baya, kafaɗa a karkace. Zuwa kasuwa ba komai, amma tafiyar awa uku za ki gane kurenki. Za kuma ki ji ana cewa doka ta yi rangwame in babu wurin kujera ta uku. Gaskiya ne, amma ga mai shekara 3 zuwa sama ne, ya zauna baya da bel ɗin manya. Naki ba su kai ba, kuma ko sun kai ni ban ba da shawara ba, bel ɗin manya a wuya da ciki yake bi wa yaro. Ka'idar ita ce kujera har shekara 12 ko tsayin santimita 135, duk wanda ya riga zuwa.

Akwai kuma Multimac, benci ne guda mai ɗaukar yara uku ko huɗu, ana kafa shi a kan mazaunin baya da igiyoyi da aka ɗaure a jikin motar. Kuɗinsa ya haura fam 1,000 sosai, sai an kafa muku, kuma a sanar da masu inshora. Da tsada, amma bai kai canjin mota ba.

In canjin ya zama dole, ki gaya wa Baban Biyu ba yawan kujeru zai duba ba. Manyan motoci da yawa masu kujera bakwai layin tsakiyarsu irin na Qashqai ne, biyun can baya kuma galibi ba ISOFIX, in kika ɗaga su but ya tafi, ina za ki sa keken 'yan biyu? Ya nemi mai kujeru uku rarrabe a layin tsakiya, kowace da ƙarfenta: Peugeot 5008 ta da, Citroën Grand C4, Touran, S-Max, Galaxy, Alhambra, ko Sharan. Eh, Sharan ɗin da muke hawa a tasha daga Kano zuwa Kaduna ana cusa mu, ita fa. Da yawansu an daina ƙera su, sai na hannu. Sharan da Alhambra na baya-bayan nan ƙofarsu zugewa take, a matsattsen fakin wannan ni'ima ce. In kujerarku mai ƙafar tokare ƙasa ce, ku duba ko akwai ɗan akwatin ajiya a ƙarƙashin kafet, don murfinsa ba lallai ya ɗauki nauyin ba, littafin motar zai faɗa.

Ƙanwarmu ta Kaduna ta tambaya ko wannan ya shafe su. Ya shafa mana. Su Sienna da Camry da Highlander da ake shigowa da su daga Amurka suna da irin ƙarafan nan, can LATCH suke ce musu, tun 2002 aka wajabta su. Ki cusa hannu a tsagar mazaunin za ki ji su. Abin lura a tsofaffin motoci shi ne bel ɗin tsakiya, in na cinya ne kawai ba na kafaɗa, kada a sa babban yaro mai kujerar ɗagawa a wurin, wato wadda ke ƙara masa tudu don bel ɗin motar ya zauna masa daidai. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ma cewa take 'yan ƙasa da shekara 12 su zauna baya. In kujerar gwanjo za ki saya, ki juya ƙasanta ki duba shekarar ƙira, na Amurka suna da wa'adi, shekara 6 zuwa 10, kuma ki guji mai tsaga ko mai igiya a zaizaye. Mu na nan kuma, kada a sa wani ya taho mana da ta Amurka don an ji siririya ce. In babu tambarin nan ruwan lemo mai harafin E a da'ira, R44 ko R129, doka ba ta san da ita ba a nan.

Maman Biyu, ki turo min awon da sunan kujerun da 'yan biyu ke ciki yanzu. Ta jaririna tana nan a sito, ba ta taɓa shiga haɗari ba. Ranar Asabar bayan azahar ku zo da motar, mu gwada a ƙofar gida kafin ku sayi komai. Ki ce Baban Biyu ya taho da tsohuwar riga, sai ya durƙusa. Sai na ji ku.